Na Goma Sha Biyar

Su goma sha huɗu ne, ni na cika sha biyar,
ni da ban taɓa busa komai ba
sai hon ɗin mota.

Lyle Vondracek ya ɗauke ni a Omaha
shekarar da bankuna suka rufe ƙofa da kuɗin mutane a ciki.
Ya ce, "Ka iya tuƙin dare?" Na ce na iya.
Ya ce, "Gyangyaɗi fa?"
Na ce mai yunwa ba ya gyangyaɗi.

Tsohuwar bas ce ta 'yan makaranta.
Muka tumɓuke kujeru, muka kafa gadaje hawa uku.
Ƙaton gogen Delbert Hruska yana da gadonsa shi kaɗai,
Delbert kuwa a zaune yake kwana, yana gadinsa.

Yankton, Kearney, Salina,
garuruwan masara da dogon shiru.
Ranar Asabar manomi ya dirje wuyansa,
ya shafe gashi da mai, ya ba da rabin dala a ƙofa.
A Broken Bow an taɓa biyan mu da kaji tara
da buhun dankali. Mun karɓa.

Ƙarfe tara Lyle zai ɗaga sanda.
An barbaɗa garin masara a daɓen katako don sulɓi.
Ƙahoni biyar su miƙe tsaye kamar an ja su da zare ɗaya,
ganga ta yi gyaran murya,
Verna Pruett ta matso ga lasifika da rigarta shuɗiya
wadda ta goge a kan murfin akwati.
Ina bakin ƙofar baya da man inji a farce,
ta tafin ƙafa kiɗan yake shigata.

Sai rana ta fito mana.
Mako shida a wani otal na Chicago, rediyo na ɗauka,
uwata ta ji mu daga kicin ɗinta,
ta rantse ta ji tarina.
Aka ɗinka fararen kwat, har da ni.
Aka ba ni gadon da ba ya motsi,
na kasa runtsawa.

Yaƙi bai yi sallama ba.
Takardu suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya.
Orville Teague mai baƙar sarewa ya tafi ranar Talata,
ya bar min rezarsa in ajiye.
An rage wa kwat ɗinsa kafaɗa
don yaro ɗan sha shida wanda ke karanta waƙa da yatsa.
Fetur sai da kati. Taya ɗaya na yi mata faci sha ɗaya.
Har rawa sai da aka sa wa haraji.

Waɗanda suka dawo sun yi aure, sun sayi kujeru masu laushi
da akwatin kallo.
A shagunan sha aka girke inji mai haɗiye sulalla ya yi waƙa,
ba ya cin abinci, ba ya neman albashi,
ba ya buƙatar direba.
Muka koma goma. Muka koma bakwai.
Verna ta auri likitan haƙori.

Daren ƙarshe a Grand Island,
na ƙirga masu rawa: mutum shida,
biyu daga ciki 'yan gidan mai zauren ne.
Lyle bai rage ko waƙa ɗaya ba.
Takarda ta ce sai ƙarfe ɗaya, ya kai ƙarfe ɗaya,
ya rusuna wa kujeru,
ya miƙa min sandar ya ce, "Sa a akwati."

Zauren yanzu takin zamani ake jibgewa a ciki.
Bas ɗin wani manomi ya saya,
tana bayan rumbunsa, ba taya, kaji na kwana a gadajen.
Sunan Lyle na nan a jikinta, in ka san inda za ka duba.

Rezar Orville tana cikin durowata.
Har yau ba na barci kafin huɗu na dare.
Matata ta ce in na yi ma,
ƙafata ta dama tana taka wani abu a ƙarƙashin bargo,
ba ta san ko kiɗa ba ne ko birki.